Hattara da masu sayar da takardun aikin sojan kakanni

Jama'a, abin da ya sami ƙanwata ne ya sa na rubuta wannan, domin kada ya sami wani.

Kakanmu na wajen uwa yana cikin waɗanda aka kai yaƙin Burma, kuma abin da ya rage mana nasa hoto ɗaya ne da ya koɗe. Ƙanwata ta daɗe tana son sanin rundunar da ya yi aiki a ciki. Sai ta ci karo da wani shafi a Facebook da ke cewa a turo suna kawai, cikin kwana uku za su zaƙulo cikakken fayil. Ta biya kuɗin rajista. Kwana biyu suka ce an gano fayil, amma sai an biya kuɗin fito da shi. Ta biya. Daga nan suka ce ai marigayi yana da bashin fansho da ke jiran magada, ta turo katin shaidarta da lambar asusunta na banki. A nan ne ta kira ni. Takardar da suka aiko mata kuwa, hatimi ne kwafe da hoton wani soja da ba mu taɓa gani ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, da ƙaunar da muke yi wa mamatanmu suke farautar mu.

Duk wanda ya yi maka alkawarin cikakken fayil tun bai bincika ba, ƙarya yake, domin takardun kansu ba cikakku ba ne. A Amurka, gobarar 12 ga Yuli, 1973 a ma'ajiyar takardun sojoji da ke birnin St. Louis ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18. A Ingila, bama-baman da aka jefa wa birnin Landan a 1940 sun ƙone fiye da rabin takardun sojojin yaƙin duniya na ɗaya. Sojojin Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82 da suka yi yaƙi a Burma kuwa, da yawansu an rubuta su ne da sunan yanka haɗe da sunan gari ko na ƙabila, yadda kunnen Bature ya ji. Mutum goma na iya ɗaukar suna iri ɗaya. To ta yaya wani zai ware naka cikin kwana uku da suna kaɗai? Abin da ke ware soja lambarsa ce ta aiki. Mai bincike na gaskiya ita zai fara tambaya, kuma zai gaya maka tun farko cewa ana iya nema a rasa.

Akwai kuma inda ake dubawa kyauta. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth, wadda aka kafa a 1917, tana da sunayen mutum kusan miliyan 1.7 da suka mutu a yaƙoƙin duniya biyu, kuma kowa na iya nema a shafinta na intanet. Sai dai wanda ya dawo gida da ransa ba ya ciki, kamar kakanmu. Kundin ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya da ke Kew shi ma a buɗe yake ga kowa. Wasu 'yan damfarar abin da ke waɗannan wurare suke kwafowa su sayar maka.

Maganar fansho kuwa, da zarar ta shigo, ka yanke hulɗa. Neman tarihi ba ya buƙatar lambar asusunka.

Kafin ka ba kowa ko sisi, ka buɗe tsofaffin akwatunan gida, ka nemi takardar sallama, ka duba gefe da bayan lambobin yabo, domin wasu an zana lambar soja a jikinsu. Ka zauna da tsofaffin da suka rage ka rubuta abin da suka tuna. Mu yanzu can muka koma, wurin yayar mahaifiyarmu, da biro da takarda.