Fadamar tace ruwan asibiti: tana aiki, amma da sharaɗi

Ƙananan asibitocin Gombe da ke da fili a bayan gini za su amfana da tsarin nan na tace ruwan ƙazanta ta hanyar amfani da tsirran ruwa. Ba ya cin wuta, ba ya buƙatar janareta, kuma kuɗinsa ya halatta idan magini ya san aikinsa.

Ruwan wanki, na banɗaki da na ɗakin haihuwa yana fara shiga tankin sokawe mai ɗaki biyu, daskararren datti ya kwanta. Daga nan ya gangara kwarin da aka shimfiɗa wa leda mai kauri, aka cika da tsakuwa zurfin santimita 60, da gangaren kashi 1 cikin 100. Ana dasa kacala ko jema, gindi 4 a kowace murabba'in mita. Ruwan ya tsaya santimita 5 zuwa 10 ƙasa da saman tsakuwa, kada ido ya gan shi. Ƙwayoyin halittar da ke manne a saiwa da tsakuwa su ne ke cinye dattin.

A tsakuwa ake yawan yin ha'inci. Idan ba a wanke ta ba, ƙasar jikinta kan toshe ƙofar shigar ruwa, sai ka ga baƙin ruwa ya taso sama, ga wari ga sauro. A tsaya a kan magini ya wanke, ya kuma jera manyan duwatsu a bakin bututun shiga. Wasu kan ba da shawarar kainuwa saboda araha. Ban goyi baya ba a kusa da ɗakin majinyata: buɗaɗɗen ruwa take so, kuma akwai sauron da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta.

Duk mai cewa ruwan da ya fito ya tsarkaka, ya faɗi son ransa. Ƙwayoyin cuta da ragowar magunguna suna raguwa, ba sa ƙarewa, don haka dole a sa kulorin a tankin ƙarshe da ke tara ruwan da ya fito. Sinadaran ɗakin gwaji da na wanke hoton ƙashi kada su shiga ko kaɗan, haka ma Hypo mai yawa, domin yana kashe ƙwayoyin da ke aikin.

A zafin Maris da Afrilu ruwa kan ja baya, sai a ɗaga bututun fita don kada saiwa ta bushe. A kewaye wurin da waya saboda awaki, kuma kacalar da aka yanke kada a ba dabbobi.