Sharhi Kan Ofishin Da Ya Taimaka Aka Lissafa Mini Shekarun Aikin Aro

Bayan na shekara guda a matakin albashi na 12, ma'aikatarmu ta bayar da arona ga wata hukumar gwamnatin tarayya, inda na yi shekara biyu cif. Da na dawo, sai na tarar babu sunana a jerin waɗanda za su zauna jarrabawar ƙarin girma, kuma wani jami'i ya shaida mini da baki cewa shekarun da na yi a waje ba sa shiga lissafi. Wannan ne ya kai ni wani ƙaramin ofishin ba da shawara da wasu tsofaffin jami'an mulki suka buɗe bayan sun yi ritaya, kuma a kan hidimarsu nake wannan rubutu.

Abin da ya fara burge ni shi ne dattijon da ya karɓe ni bai yi mini alkawarin komai ba sai da ya karanta takardar da aka sallame ni da ita. Ya bayyana mini cewa Dokokin Aikin Gwamnati sun bambanta aro iri biyu. Akwai wanda ma'aikaci ya nema da kansa, wanda wa'adinsa na farko shekara biyu ne, kuma ko an sabunta shi ba ya wuce shekara huɗu. Akwai kuma wanda gwamnati ta tura mutum saboda maslahar jama'a, wanda a cikinsa ma'aikaci yana nan riƙe da muƙaminsa na asali, yana kuma da haƙƙin ƙarin albashi na shekara da ƙarin girma. Takardata ta nuna cewa ni tura ni aka yi. Tun da ma'aikacin da ke tsakanin mataki na 7 da na 14 yana buƙatar aƙalla shekara uku a mataki guda kafin a duba batun ƙara masa girma, shekarata ɗaya da biyun aron sun cika wa'adin daidai.

A nan ne gogewarsu ta fito fili, domin sun ce mini doka tana tare da ni, fayil ɗina ne ba ya tare da ni. Hukumar da ta are ni ba ta taɓa aika fom ɗin auna ƙwazona na shekara-shekara zuwa ma'aikatata ta asali ba, ni kuma, laifina ne, ban taɓa bibiya ba. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin giɓin shekara biyu zai gani, tamkar na ɓace. Su ne suka tsara mini wasiƙar neman waɗannan fom ɗin, sannan suka rubuta takardar koke zuwa ga babban sakatare ta hannun shugaban sashena, cikin ladabi, tare da ambaton sashen dokar da ya shafi lamarin. Sun hana ni tsallake shugabana in kai ƙara kai tsaye ga Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya, shawarar da a lokacin ta ɓata mini rai, amma daga baya na ga hikimarta.

Inda suka gaza ba ƙarami ba ne. Ba su faɗa mini jimillar kuɗin aikin tun farko ba, kowace wasiƙa da nata caji, kuma sau biyu ina zuwa a kan lokacin da suka ba ni in tarar da ofishin a kulle. Ƙaramin ma'aikacinsu kuma ya sa mini ran cewa za a biya ni bashin bambancin albashi, alhali dattijon da kansa ya ce idan ƙarin girman na takarda ne, matsayina a jerin da ke nuna wanda ya gabaci wani a aiki kawai zai gyara, ba lallai ya zo da kuɗin baya ba. Bai kamata baki ya rabu biyu a ofishi ɗaya ba.

Duk da haka, an mayar da sunana cikin jerin, na kuma zauna jarrabawar tare da tsararrakina. Ma'aikacin tarayya da ya dawo daga aro zai amfana da su, in dai ya nemi a rubuta masa kuɗin aikin gaba ɗaya kafin a fara. Ma'aikacin jiha kuwa ya fara tambayarsu ko sun san dokokin jiharsa, domin da na gwamnatin tarayya na ga suna aiki.