Sharhi a kan kwas ɗin zanen ginin wucin gadi a Yaba

Wata ƙaramar cibiya a unguwar Yaba da ke Legas tana gudanar da gajeren kwas ga ɗaliban zanen gine-gine a kan ginin wucin gadi, wato rumfar baje koli, zauren taro na 'yan kwanaki da matsugunin gaggawa. Na halarta da damina, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu, ko da yake akwai gyara.

Ƙarfin kwas ɗin yana ga sharaɗin malamin, domin ba ya karɓar zane sai ɗalibi ya nuna yadda za a kwance ginin da inda katako da tamfol za su koma bayan taro ya watse. Saboda haka ya hana mu ƙusa, muka koma ga noti da igiya, kuma da zarar an tsayar da rumfa a tsakar gida sai ya sa a sheƙa mata bokitin ruwa, kowa ya ga inda tamfol ya yi ciki ruwa ya kwanta. A gari irin Legas, babu jarrabawar da ta fi wannan.

Darasin da ya fi daɗewa a raina shi ne na makarantar kan ruwa ta Makoko, unguwar bakin ruwa a Legas, wadda Kunle Adeyemi ya zana aka kammala a 2013 bisa gangunan roba fiye da 250, sannan ta rushe a Yunin 2016 bayan ruwan sama mai ƙarfi. Malamin bai tsaya ga yabo ko zargi ba. Ya tambaye mu wanda ke da alhakin kula da ginin da aka yi don ɗan lokaci amma jama'a suka ci gaba da bukatarsa. An kuma taɓa aikin Shigeru Ban, mai zanen gine-gine na Japan da ke gini da bututun takarda, amma a gurguje.

Inda na ga gazawa shi ne rashin kai mu kasuwa. 'Yan uwanmu masu tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 sun daɗe suna kafa rumfa da katako da buhu, sun san inda iska ke bugowa da inuwar da kaya ke bukata, amma ko sau ɗaya ba a gayyaci ɗayansu ba. Kuɗin kayan aiki ma ba ya cikin kuɗin rajista, don haka duk mai niyyar shiga ya tambayi jimillar tun kafin ya biya.