Borin jini a jikin yaro: wane magani za ki saya a Yamai?

Kafin ki fitar da ko dala, ki tabbata borin jini ne. Shi yana tasowa ne tudu-tudu, jajaye, da ƙaiƙayi mai hana barci, kuma ba ya zama wuri guda. A nan ya bambanta da ƙurajen zafi, ƙazwa da ƙaranbau. Ki zagaye tabo ɗaya da biro a cinyar yaron. In kafin awa 24 ya ɓace ya ɓullo a baya ko a ciki, to shi ne. Ki ɗauki hotonsa da waya, don sau da yawa kafin layi ya zo kanki a CSI, wato asibitin unguwa, fatar ta koma sumul. Ga yara galibi mura ko wani ɗan zazzaɓi ne ke tayar da shi, sai gyaɗa, ƙwai, madara, kifi, harbin zuma, ko magani irin amoxicilline da ibuprofène.

Abu biyu ne ba maganar farmasi ba. In leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi na fita da ƙyar, asibiti nan take, don allurar adrénaline yake buƙata. Haka in kin danna tabon da kofin gilashi bai dushe ba, ga zazzaɓi, balle lokacin zafi da sanƙarau ke yawo.

In ba haka ba, ni dai cétirizine na siro nake saya. Yana toshe histamine, sinadarin da ke sa fatar tashi da ƙaiƙayi, cikin awa guda za ki ga yaro ya daina susa, kuma ba ya kayar da shi da barci kamar tsofaffin magunguna. Daga shekara 2 zuwa 6, miligiram 2,5 safe da yamma. Daga 6 zuwa 12, miligiram 5 safe da yamma. Ɗan ƙasa da shekara 2 kuwa sai da takardar likita. Ba sai kin nemi mai suna mai tsada ba, jenerik ma aikinsu ɗaya. Ki dai tambayi mai farmasi ko siro ne ko na ɗigo, domin na ɗigon ya ninka siron ƙarfi sau 10, kuma ki auna da ma'aunin da ke cikin kwalin, ba cokalin koko ba.

Loratadine ba laifi, in babu wancan ki ɗauka. Polaramine yana kwantar da ƙaiƙayi amma yaro zai yini yana gyangyaɗi a aji. Phénergan kada ya kusanci ɗan ƙasa da shekara 2, yana iya danne numfashi. Calamine sanyaya fata kawai yake, tsumma mai ruwan sanyi ma zai yi miki wannan. Célestène da danginsa, wato magungunan cortisone masu ƙarfi, aikin likita ne, na ƴan kwanaki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin tire. Ɗan ƙanwata na da shekara huɗu aka saya masa wasu ƙwayoyi farare a ƙullin leda wajen mai yawo da magani a ka, wai na borin jini. Tabon ya kwanta, aka ji daɗi aka yi ta ba shi, har kumatunsa suka cika fam, idanu suka shige ciki, maƙwabta na cewa yaro ya yi kyau. Da aka kai ƙullin gaban likita, ashe dexa ne (dexaméthasone, dangin Célestène ɗin nan), wanda in an daɗe ana sha ba a yanke shi lokaci guda ma sai a hankali. Tun ranar, duk maganin da ba ya cikin kwalinsa da takardarsa ba ya shiga gidana.

Kuma wannan ma an yi sa'a an gane abin da ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2017, kusan ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe irin namu jabu ne ko marasa inganci. Mu ƴan Nijar ba labari aka ba mu ba, a 1995 allurar sanƙarau ta jabu aka yi wa dubban mutane a ƙasar nan. A 2022 siron mura da tari mai guba ya kashe yara kusan 70 a Gambiya. Ko da na gaske ne, siron da ya yini a rana a bakin tasha cikin watan Afrilu me ya rage a cikinsa? Don Allah, ƴar'uwa, ki shiga farmasi mai lasisi, in dare ne ki nemi wadda ke gadi. Ki duba ranar lalacewa da lambar da ke jikin kwalba, su zo daidai da na kwali. Murfin ya kasance ba a taɓa ɓalle shi ba. In rubutun ya dusashe, ko an manna wata takarda kan kwanan wata, ki mayar musu. In kuma abin ya wuce sati shida yana tafiya yana dawowa, ki daina sayen kwalba bayan kwalba, ki kai shi wajen likitan yara ko na fata da hotunan nan da kika tara.