Hattara da mai tallar kayan motsa jiki a Instagram, ya cinye mini N185,000

Jama'a, N185,000. Naira dubu ɗari da tamanin da biyar, ban da N22,000 da ya sake karɓa da sunan kuɗin mota. Na yi ta haɗiye maganar nan, amma yau sai na amayar da ita.

Kafin wani ya ce "ai kai ma da garaje", a tsaya a ji. Ni ba baƙo ba ne a harkar motsa jiki. Na san P90X, shirin motsa jiki na mai horarwa Tony Horton, na kwana 90 mai faifan bidiyo 12. Na san ba ya yiwuwa sai da ƙarafan ɗagawa ko robar ja, da sandar da ake maƙalawa a ƙofa mutum ya rataya yana ja sama, da tabarma saboda faifan yoga, wanda shi kaɗai awa ɗaya da rabi ne. Na san Insanity, shirin wani mai horarwa Shaun T, kwana 60 ne, shi kuma ba ya neman komai sai jikinka da fili. Da gangan na ɗana wa mai tallar tarko, na ce ina son kayan da ake yin Insanity da su. Sai ya ce, "A'a Alhaji, wannan ba ya buƙatar kaya, kar ka yi asarar kuɗinka, P90X ne mai kaya." Ku ji fa! Mutum ya hana ka kashe kuɗi a shagonsa. Wa zai ce wannan ɗan damfara ne? A wurin nan na saki jiki na yi odar kayan P90X, kuma har gobe ina cewa duk mai hankali zai saki.

Da kwalin ya iso tasha, ɗaga shi kawai na yi gabana ya faɗi. Kwalin da ya kamata a ce da ƙarafa masu kilo 10 guda biyu da masu kilo 15 guda biyu a ciki, yaron mota ya miƙo mini da hannu ɗaya yana amsa waya. Kilo 50 da hannu ɗaya?

Af, kafin in biya ma ya kira ni ta bidiyo. Ya nuna mini shago, ƙarafa jere a kanta, har ya sa wani ya ɗora ɗaya a sikeli. Ya ce yana Legas, amma ɗan Arewa ne, "ɗan uwa ba ya cutar ɗan uwa." Hausarsa tsaf. Na tambaye shi ko sandar za ta zauna a ƙofata, tunda irin ta Turawa tana buƙatar katakon da ya turo a saman ƙofa, namu kuwa firam ɗin ƙarfe ne shafe da bango. Ya ce zai ba ni mai ƙusa wadda ake ɗaurewa a bango. Amsa daidai. Shi ya sa na tura N185,000 ɗin a take. Sunan asusun ya bambanta da na shagon, ya ce na matarsa ce. 'Yan kasuwa nawa ne ke haka?

Abin da na tarar a kwalin: robar ja guda biyu, ɗaya ta tsinke a jan farko ta tsula mini a wuya, tabarma kamar fallen takarda, da filas irin na saka wa kwamfuta mai bidiyon shirin. Babu ƙarfe ko ɗaya, babu sanda. Filas ɗin bidiyo 5 ne cikin 12, an naɗo su da waya daga fuskar talabijin, har ana jin kukan yaro a baya. Ya rantse mini na kamfani ne. Kamfanin da ya yi shirin, Beachbody, a Amurka yake, ya koma BODi a 2023, kuma ta manhaja ake biya a kalla.

N22,000 ɗin kafin kwalin ya taso ne, na manta ban faɗa ba. Wai direba ya ƙi ɗauka saboda nauyi. Nauyi! Nauyin roba biyu.

Da na kira, cewa ya yi yaransa ne suka yi kuskure, ƙarafan na tafe a wata motar, "Alhaji ka yi haƙuri, wallahi ni ma raina ya ɓaci." Washegari lambar a kashe, shafin ya canja suna, hotunan dai su ne. Maiɗakina har yau ba ta san ainihin kuɗin ba. Abokin da na ce ya zo mu fara tare kuwa, kullum sai ya tambaye ni ina ƙwanjin.

Ina da hoton hirarmu duka, da rasit na N185,000, da na N22,000, da muryarsa yana cewa "kar ka yi asarar kuɗinka." Zan ɗora su da daddare in na rufe lambobina. Na kai ƙorafi banki, ina jira.

Ƙarfe dai a je kasuwa a ɗaga da hannu kafin a biya. In sunan asusu ya saɓa da na shago, a fasa.

Kai kuma, na san kana gani da sabon sunanka. N207,000 ke nan gaba ɗaya, kuma ban yafe ko kwabo ba. Allah ya isa.