Visual Studio Community 2022 a hannun masu rubuta wa shagunan Kebbi manhaja

Duk wanda ke rubuta manhajar kwamfuta wa masu kantin magani a Birnin Kebbi, ko masu injin casar shinkafa a Argungu, ko makarantun da suka gaji da lissafin sakamakon jarabawa da hannu, ya san ranar da aikinsa ke farawa da gaske. Ita ce ranar da waya ta yi ƙara, mai shago ya ce, "Malam, abin nan naka ya ƙi buɗewa, ga mutane tsaye suna jira." Da wannan ma'auni muka auna Visual Studio Community 2022 na kamfanin Microsoft, kayan aikin da ake rubuta manhaja da gyara ta a cikinsa: idan manhaja ta lalace, wane irin taimako yake bayarwa wajen gano inda ɓarnar take, kuma ina ƙarfinsa ya tsaya?

Kyauta ne, kuma lasisinsa ya yarda wa mutum ɗaya ya rubuta manhaja da shi ya sayar. Ƙaramin kamfani ma yana iya ba mutum biyar su yi aiki da shi, muddin kwamfutocin kamfanin ba su wuce 250 ba, kuɗin shigarsa a shekara bai haura dala miliyan ɗaya ba. Ya fito a watan Nuwamba na 2021, shi ne kuma na farko a jerin Visual Studio da aka gina a kan tsarin 64-bit, don haka ba ya hawa kwamfutar da Windows ɗinta 32-bit ce, ba ya hawa Windows 7.

Nauyinsa shi ne babban aibinsa, kuma bai kamata a ɓoye wa ɗalibin kwalejin fasaha ta Waziri Umaru ko na jami'ar Aliero wannan ba kafin ya ƙone datarsa. Microsoft ta rubuta cewa RAM na 4 GB ya isa a girka shi, ta kuma ba da shawarar 16 GB. Da 4 GB da tsohon faifai mai juyawa zai buɗe, amma kowane danna sai an yi jira, musamman a zafin Afrilu da kwamfutar ke rage gudu don kada ta ƙone. Wanda zai ci abinci da wannan aiki ya nemi 8 GB aƙalla da faifan SSD. Canza faifan nan ya fi ƙara RAM tasiri wajen saurin buɗe aiki da haɗa shi. Wurin ajiya kuwa yakan ci tsakanin 20 zuwa 50 GB idan aka zaɓi ɓangarori da yawa. Kada a zaɓa. Mai rubuta manhajar tebur da C# ko VB ɓangare ɗaya yake bukata, wanda aka rubuta wa .NET desktop development.

Akwai dabarar da ke rage kashe kuɗin data, abin mamaki kuma ba kowa ya san ta ba. Mutum ɗaya ya sauke kayan girkawar gaba ɗaya cikin folda a inda intanet ke da ƙarfi, da wannan umarni:

vs_community.exe --layout C:\vslayout --add Microsoft.VisualStudio.Workload.ManagedDesktop --includeRecommended --lang en-US

Sai a kwafe foldar a filashi, kowa ya girka daga ciki, ya maimaita ɓangaren da aka zaɓa ya ƙara --noWeb a ƙarshe. Ajin mutum talatin zai iya girkawa da saukewa ɗaya.

Inda kayan aikin nan ya cancanci nauyinsa shi ne wajen farautar kuskure. Ka danna F9 a kan layin da kake zargi, jan ɗigo ya fito a gefe, ka danna F5. Manhaja za ta yi gudu har ta iso layin ta tsaya cak. Daga nan F10 na tafiya da kai layi-layi, F11 na shigar da kai cikin aikin da layin ya kira, ka ɗora linzami a kan kowane suna ka ga abin da ke cikinsa a wannan lokaci. Masu koyo da yawa har yanzu suna cusa MessageBox a kowane lungu don su ga inda manhaja ta kai, alhali jan ɗigon nan ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, kuma ba ya barin tarkacen da za a manta a kai wa mai shago. Idan kuskuren sai a kan kaya na 412 cikin dubu yake faruwa, danna ɗigon da maɓallin dama, ka sa masa sharaɗi cewa kada ya tsaya sai lambar kaya ta kai 412.

Saƙon da ya fi kowane yawan fitowa shi ne "Object reference not set to an instance of an object". Ma'anarsa ka miƙa hannu cikin buhun da babu komai a ciki: ka nemi sunan abokin ciniki alhali binciken bai samo kowa ba. Visual Studio yana tsayawa a kan layin, yakan kuma faɗi sunan abin da babu komai a cikinsa. Matsalar ita ce masu rubutu da yawa sun saba lulluɓe komai da try da catch, wato umarnin kama kuskure idan ya faru, su bar cikin catch ɗin wayam, sai kuskure ya faru a haɗiye shi, mai shago ya danna maɓallin ajiya ya ga kamar an ajiye, ba a ajiye komai ba. Maganinsa Ctrl+Alt+E, a sa alama a kan Common Language Runtime Exceptions. Daga lokacin manhaja za ta tsaya a daidai inda kuskuren ya tashi ko da an shirya haɗiye shi. Wannan akwati ɗaya ya isa dalilin girka Visual Studio.

Haka idan taga ta daskare ta yi fari. Windows na rubuta Not Responding ne idan taga ta yi kamar daƙiƙa biyar ba ta amsa ba, kuma galibi dalilin shi ne an ɗora aiki mai nauyi, irin haɗa rahoton cinikin wata guda, a kan zaren aiki (thread) da ke kula da tagar. Danna Ctrl+Alt+Break lokacin da ta daskare, ka buɗe Call Stack, za ka ga layin da ya riƙe ta. A mayar da aikin baya da async da await. Wanda ya yi hakan da Thread kai tsaye ya taɓa akwatin rubutu daga can zai ci karo da "Cross-thread operation not valid", sai ya bi ta Invoke.

Amma mafi yawan kiran da ke zuwa daga shago ba irin waɗannan ba ne. Manhaja tana aiki lafiya lau a kwamfutar wanda ya rubuta ta, ta je Jega ko Yauri ta ƙi. A nan jan ɗigo ba shi da amfani, don kuskuren ba ya faruwa a gabanka. Dole ka san bambancin kwamfutarka da ta mai shago.

Kwanan wata shi ne mugun cikinsu, domin yana yin ɓarna a ɓoye. Kwamfutoci da yawa da ake saya na hannu suna zuwa da tsarin Amurka, wata kafin rana. Idan manhajarka na karanta kwanan wata daga rubutu da DateTime.Parse, to 03/04/2025 a wurinka uku ga Afrilu ne, a wurinsa huɗu ga Maris. Daga ranar 1 zuwa 12 ga kowane wata babu wani saƙon kuskure, sai dai kwanakin suna shiga rumbun bayanai a juye. Ranar 13 ce manhaja za ta faɗi da "String was not recognized as a valid DateTime", don babu wata na 13. A kantin magani wannan na nufin ranar lalacewar magani ta koma wata daban, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. A yi amfani da DateTimePicker maimakon akwatin rubutu, a ajiye kwanan wata a gurbin kwanan wata na gaskiya, in kuma dole sai rubutu, a yi shi shekara-wata-rana da ParseExact. Masu kai manhaja Kamba da sauran garuruwan bakin iyakar Nijar su ƙara kula: kwamfutar da aka saita da Faransanci waƙafi take amfani da shi a inda muke sa ɗigo, buhu ɗaya da rabi a wurinta 1,5 ne. Gwajin ba shi da wuya. Ka shiga Region a Control Panel na kwamfutarka, ka mayar da tsarin na Amurka ka gwada, ka mayar na Faransa ka sake gwadawa, kafin ka hau mota.

Sai haruffanmu masu ƙugiya. Ka rubuta Ɗakingari a adireshin abokin ciniki, rahoto ya fito da ?akingari. Ba laifin kibod ba ne. Gurbin rubutu na varchar a rumbun bayanai na SQL Server a tsarinsa na asali bai san ɓ da ɗ da ƙ ba, sai an mayar da shi nvarchar, kuma idan ana rubuta umarnin da hannu a sa N kafin rubutun. Abin da ya riga ya koma alamar tambaya ya tafi, sai an sake shigar da shi. Alamar naira ma haka take yi a ƙananan firintocin rasit masu aiki da zafi, don yawancinsu ba su da ita a jerin haruffansu. Ko a buga N kawai, ko a aika rasit ɗin a matsayin hoto. Tunda an zo batun kuɗi: kada a ajiye shi a double ko float. A double, 0.1 da 0.2 suna ba da 0.30000000000000004, kuma irin wannan ɗigon ne ke taruwa har lissafin ƙarshen wata ya ƙi daidaita. Kuɗi decimal ne.

Masu amfani da rumbun bayanai na Microsoft Access sun san saƙon "The 'Microsoft.ACE.OLEDB.12.0' provider is not registered on the local machine". Sau da yawa injin Access ɗin yana nan, sai dai shi 32-bit ne manhajarka kuma ta tashi a 64-bit, ko akasin haka. A shiga Properties na aikin, shafin Build, a tsayar da Platform target a x86 ko x64 daidai da injin da za a girka wa mai shago, a daina barin shi a Any CPU. Rikici iri ɗaya ne ke haifar da BadImageFormatException da direbobin na'urar karanta yatsa da sikeli. A nan ma 2022 yana da nasa rauni: da yake shi kansa 64-bit ne, shafin zana taga yakan kasa loda tsofaffin kayan da aka gina a 32-bit kaɗai, don haka wanda ya gaji tsohon aiki mai irin waɗannan kaya zai sha wahala da shi.

Idan saƙon VCRUNTIME140.dll ne ya ɓace, Visual C++ Redistributable ake girkawa daga Microsoft, kada a je ana sauke fayil ɗin shi kaɗai daga shafukan da ba a sani ba. Idan manhaja ta ƙi ajiya da cewa an hana ta, duba ko rumbun bayanan yana cikin Program Files. Windows ba ta barin manhaja ta rubuta a can ba tare da izinin mai iko ba, wurinsa AppData ne. Zaɓin .NET, tushen da manhajar C# da VB ke gudana a kai, ma yana da nasa rikicin: .NET Framework 4.8 yana zuwa cikin Windows 10 tun sabuntawar Mayun 2019, yana kuma hawa Windows 7 mai SP1, alhali .NET 8 ba ya hawa Windows 7, kuma sai an girka shi daban ko a haɗa shi cikin manhajar lokacin fitarwa. Kafin ka rubuta layi ɗaya, tambayi mai shago wace Windows ce a teburinsa.

Ɗalibai masu aikin kammala karatu suna da tasu matsalar: su ajiye bayani, su rufe, su sake danna F5, bayanin ya ɓace. Fayil ɗin rumbun yana kan Copy always ne, kowane haɗawa sai a shafe na cikin bin\Debug da sabo marar komai. A mayar da shi Copy if newer.

To idan manhaja ta mutu a shago ba tare da saƙo ba fa? A nan Visual Studio yana da hannu biyu da yake miƙowa. Da farko a buɗe Event Viewer a kwamfutar shagon, Windows Logs, Application, a nemi saƙon .NET Runtime mai lamba 1026, a ɗauki hotonsa da waya. Sunan kuskuren da jerin ayyukan da suka kai gare shi suna ciki. Idan daskarewa ta yi, a danna sunanta da maɓallin dama a Task Manager a zaɓi ƙirƙirar fayil ɗin dump, wato hoton halin da manhajar ke ciki a lokacin, a kawo shi a filashi, Visual Studio zai buɗe shi ya nuna inda ta tsaya. Sharaɗin shi ne ka ajiye fayilolin pdb, masu ɗauke da lambobin layukan rubutunka, na ainihin fitarwar da ka kai shagon. Wanda bai ajiye ba zai ga sunayen ayyuka babu lambar layi. Hannu na biyu shi ne msvsmon.exe, ƙaramin kayan Visual Studio na farautar kuskure daga wata kwamfuta, wanda ake kunnawa a kwamfutar shago, ka haɗa taka da ita a kan waya ɗaya ko Wi-Fi ɗaya ta ƙofa mai lamba 4026, ka sa jan ɗigonka kamar kana gida. Yana aiki sosai, amma sai kana zaune a shagon.

Abin da babu maɓallin da zai gyara shi ne ɗaukewar wuta a tsakiyar ajiya. Kwamfutar tebur marar UPS, ana sauyawa daga wutar gari zuwa janareto, ciniki ya shiga rabi: an cire kaya daga sito, ba a rubuta kuɗin ba. Fayil ɗin Access yakan ma lalace gaba ɗaya a irin wannan hali. Duk matakan ciniki ɗaya a ɗaure su cikin transaction guda, ko su shiga duka ko kada ɗaya ya shiga, a fifita SQLite ko SQL Server Express a kan Access, manhaja kuma ta riƙa kwafe rumbun da kanta zuwa filashi kullum lokacin rufe shago, da kwanan wata a sunan fayil ɗin.

Ga mai rubuta manhajar Windows da C# ko VB wanda ke da 8 GB da SSD, muna ba da shawarar Visual Studio Community 2022 ba tare da wata tantama ba. Mai 4 GB ya fara sayen SSD kafin ya sauke shi. Wanda kuma Python yake rubutawa, ko kwamfutarsa Linux ce, VS Code ya fi dacewa da shi, don wannan na Windows ne kaɗai.