The Hive a Lambun Kew: Amyar da Mutum Ke Shiga Ciki

Wanda ya biya kuɗin shiga Lambun Kew a Landan, kada ya fita bai tsaya a The Hive ba, wato wani ƙaton ginin fasaha mai kwaikwayon amyar zuma. Mai fasaha ɗan Birtaniya Wolfgang Buttress ne ya tsara ta don baje kolin duniya na Milan a 2015, aka kawo ta Kew a 2016. Tsayinta mita 17, an harhaɗa ta da guntayen alminiyum 170,000 cikin siffar saƙar zuma, da ƙwayayen fitila 1,000.

Gwanintar tana cikin yadda take aiki. An sa na'urar jin motsi a wata amya ta gaske, bisa binciken Dakta Martin Bencsik na Jami'ar Nottingham Trent. Ƙudan zuma na ƙara kai-komo, fitilun na ƙara haske, sautin da ake ji a cikin The Hive na ƙaruwa. Ka tsaya a tsakiya ka ɗaga kai, sai ka ji kamar kana cikin gidansu.

Sai dai da tsakar rana hasken rana yakan danne fitilun, hayaniyar jama'a kuma ta haɗiye gunjin. A lokacin sanyi ƙudan ba sa yawan motsi. A je da yamma a lokacin zafi, a ba ta aƙalla minti 20.